Acicin da ke ɗinke mana rauni, da dalilin da wani ciwon ke rikiɗa ya zama gyambo

Akwai tallar da ta ishe ni a Facebook da WhatsApp, ta masu maganin ƙara ƙarfin garkuwar jiki, kowa da kwalbarsa, wai ka sha cokali biyu safe da yamma sojojin jikinka su yi ƙarfi. Ni dai duk sanda na ci karo da ita sai in tuna ƙafar mai ciwon suga, irin gyambon nan da ake wata shida ana wanki ana ɗauri amma ya ƙi rufewa. Don in aka ɗebi ɗan nama daga bakin wannan gyambon aka sa a madubin likita, ba rashin sojoji za a gani ba, cike yake maƙil da su, kuma faɗa suke ba ji ba gani. Abin da ya gagare su shi ne su ajiye makami su ɗau cebur da kwanon gini. To wannan juyin, daga faɗa zuwa gini, shi ne maganar tawa ta yau, don a nan asirin warkewar rauni yake, kuma babu kwalbar da na taɓa gani tana tallarsa.

Mu ɗauki abin da kowa ya sani, kina yanka albasa wuƙa ta zame ta same ki a yatsa. Cikin mintuna jini ya daskare ya toshe wurin, wannan aikin wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi ne da ake kira filatilet. Naman da ya yage kuma yana zubar da abin da ke cikinsa, abubuwan da a ƙa'ida bai kamata a gan su a waje ba, to ganinsu a waje shi ne kururuwar neman agaji. Waɗanda ke fara amsawa su ne nutrofil, su ne mafi yawa a fararen ƙwayoyin jini, kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari. Su kam 'yan ta-kife ne, ba su san lallashi ba. Suna haɗiye bakteriya, suna fesa guba, a ciki har da wani sinadari ɗan'uwan wanda ke cikin ruwan bilic ɗin da ake jiƙa fararen kaya, kuma gubar ba ta tambayar waye baƙo waye ɗan gida, har lafiyayyen naman da ke gefe tana ƙonawa. Ba sa daɗewa, kwana ɗaya biyu sun mutu. Mugunyar da kake matsewa daga maruru, galibinta gawarwakinsu ce. Jan da wurin ke yi, da kumburi, da ɗumi, da zogi, alamu huɗun nan wani marubuci ɗan Rum mai suna Celsus ya lissafa su tun ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa (AS), kuma har yau su ake koya wa ɗaliban likitanci.

Sai masu gayya su iso. Daga ɓargo, da kuma wani rumbu da ke cikin saifa, wasu ƙwayoyi da ake kira monosait ke biyo jini, in sun zo wurin sai su ratsa bangon jijiya su fito su rikiɗa su zama makrofaj. Kalmar daga Girkanci take, ma'anarta babban mai ci, ni a wajena acici kawai, sunan ya dace da shi. Wajen kwana na biyu zuwa na uku su ne ke riƙe da filin.

Wanda ya fara fahimtar irin waɗannan ƙwayoyi masu haɗiya wani masanin dabbobi ne daga daular Rasha, Ilya Mechnikov, a 1882 yana zaune a garin Messina na Italiya. Yana nazarin 'ya'yan wata halittar teku mai siffar tauraro, jikinsu garau kamar gilashi ana hango ciki, sai ya soka musu ƙayar fure ya bar su suka kwana, da safe ya ga wasu ƙwayoyi masu yawo sun yi wa ƙayar rubdugu. Ya samu kyautar Nobel a 1908 tare da Paul Ehrlich. Abin da nake so a lura da shi shi ne gwajin nasa ma ba da ƙwayar cuta ya yi ba, da ƙaya ya yi, wato rauni. Amma aka kwashe shekaru masu yawa ana kallon acici a matsayin soja da kwasar bola kawai.

A kwanakin farko kam haka yake. Yana zuwa da zafinsa, yana fitar da saƙonnin da ke ƙara rura kumburi, manyansu su ne TNF da IL-1, yana kiran ƙarin dakaru, yana kashe ƙwayoyin cuta, yana narkar da mataccen nama. In ka gan shi a wannan lokacin ba za ka taɓa cewa shi ne zai yi gini ba. Amma bayan 'yan kwanaki sai ka tarar a wuri ɗaya ana fitar da wasu saƙonnin daban, VEGF mai sa sababbin ƙananan jijiyoyin jini su tsiro, TGF-beta da PDGF masu kiran magina, wato ƙwayoyin faibroblas da ke saƙa kolajin, zaren da ke riƙe nama da fata ya ba su ƙarfi. Jan naman nan mai laushi mai gudaji-gudaji da ke tasowa daga ƙasan miki, wanda in nas ta gani sai ta ce Alhamdulillahi ciwo ya fara cikowa, aikinsu ne. Daga baya can kuma, makonni har watanni, shi dai acicin ne ke fitar da almakashin da ke datse kolajin da ya yi yawa ana sake jera shi, shi ya sa tabo ke farawa da tauri da duhu sannan a hankali ya kwanta. Duk da haka dai fatar da ta yi tabo ba ta komawa kamar da, iyakarta wajen kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinta na asali.

To me ke juya shi? Wannan ne wurin da ya fi burge ni, wallahi. Cin gawa ne. Nutrofil in zai mutu mutuwar tsari, ba fashewa yake ba, yana juyo da wani maiƙo da ke ɓoye a cikin bangonsa ya fito waje, tamkar ya ɗaga tuta yana cewa ku zo ku ɗauke ni. Acici na ganin tutar sai ya haɗiye shi ɗungurungum. A 1998 wasu masu bincike a Denver ta Amurka, Valerie Fadok da abokan aikinta, suka nuna cewa makrofaj ɗin da ya haɗiyi irin wannan gawa yana rage fitar da saƙonnin kumburi ya koma fitar da TGF-beta da makamantansa. A 2007 kuma wata tawaga a Faransa ta nuna makamancin haka a tsokar ɓera, monosait ɗin da suka shigo da zafi su ɗin ne dai suka sauya hali bayan sun cinye tarkacen tsokar da ta lalace, ba wasu sababbi aka aiko ba. Kun ga hikimar? Jiki bai ajiye agogo ya ce kwana uku a daina faɗa ba. Yawan gawar da aka kwashe shi ne shaidar cewa yaƙi ya ƙare. In ba a kwashe ba, ko kuma sababbin nutrofil na ta kwararowa saboda har yanzu akwai datti ko ƙwayar cuta a wurin, to babu juyi.

Har a cikin cikinsa ma akwai wata mararraba mai ban sha'awa. Akwai wani sinadarin gina jiki, arjinin, acici na iya bi da shi hanya biyu. In ya bi ta ɗaya sai ya zama iskar guba ta kashe bakteriya, in ya bi ta ɗayan sai ya zama kayan da daga cikinsu ake samun tubalin kolajin. Ƙarfe ɗaya ne a maƙera, ko a ƙera mashi ko a ƙera fartanya. A ɓera aka fi ganin wannan ƙarara, a mutum abin bai fito fili haka ba, kuma wannan bambanci na ɓera da mutum a riƙe shi don zai sake dawowa.

Ta yaya aka tabbatar ba labari ba ne? Hanyar masu bincike ɗaya ce, cire abu ka ga me zai lalace. A 1972 aka cire nutrofil daga jikin ɓeran masar, aka yi masa rauni mai tsabta, ya warke lafiya lau. A 1975 wasu masu bincike biyu, Leibovich da Ross, suka cire makrofaj, sai miki ya cika da tarkace, magina suka makara, warkewa ta ja baya. Amma gwajin da na fi so shi ne na birnin Kolon a Jamus a 2010, don su ba cirewa kawai suka yi ba, sun cire ne a lokuta daban-daban. Da suka kashe acicin a kwanakin farko, jan naman nan bai taso sosai ba, fata ta yi jinkirin rufewa, amma kuma tabon ya zama ɗan kaɗan. Da suka kashe shi a tsakiya, sai mikin ya ɓalle da zubar jini, sababbin jijiyoyin suka kasa tsayawa, bai rufe ba. Da suka kashe shi a ƙarshe, kusan babu abin da ya canja. Ƙwaya ɗaya, amsa uku, ya danganta da ranar da ka taɓa ta.

A hanta ma haka. A 2005 a Edinburgh ta Sikotlan an riƙa ba ɓeraye gubar da ke sa hanta ta yi tabo ta ƙandare. In aka cire makrofaj lokacin da ake kan ba da gubar, tabon na raguwa, ka ce to ashe shi ne mugun. In aka bari sai an daina gubar hanta ta fara farfaɗowa sannan aka cire shi, sai tabon ya ƙi narkewa. Shi ya ɗaure shi ne kuma mai kwancewa.

Yanzu in ka buɗe littafin makaranta ko ka bincika a intanet za ka ga an raba su gida biyu, M1 mai faɗa, M2 mai gini. Wani masani Charles Mills ne ya kawo sunayen a 2000, kafin nan a 1992 a Oksfod su Siamon Gordon sun nuna cewa saƙon IL-4 na farkar da makrofaj ta wata hanya daban da wadda aka sani. Rabon yana da daɗin haddacewa, ɗalibi zai ci jarrabawa da shi, amma ni a ganina ya ɓatar da mutane da yawa. Ai a faranti aka samo shi, a ɗakin gwaji, inda ake zuba wa ƙwaya sinadari ɗaya tak a ga me za ta yi. Cikin miki kuwa saƙonni ne barkatai a lokaci guda, ga ƙarancin iskar numfashi, ga tsami, ga gawa, ga bakteriya. A 2014 masu bincike a Bon ta Jamus suka gwada makrofaj na mutum da yanayi 28 daban-daban, suka samu aƙalla salo tara, ba biyu ba. In aka duba ƙwayoyin miki ɗaya bayan ɗaya da na'urorin zamani, sai ka ga da yawa suna ɗauke da alamun nan biyu a tare. Abin ya fi kama da rini a marina, daga shuɗi mai haske har baƙi ƙirin, babu inda za ka ja layi ka ce daga nan wani launi ya fara.

Ga misalin da ya shafe mu kai tsaye. Tsargiya, wadda yara ke kwasowa a kududdufi da madatsun ruwa da fadamun shinkafa, Najeriya na sahun gaba a duniya wajen yawan masu ita. Mun fi sanin mai sa fitsarin jini, amma akwai 'yar'uwarta da ƙwanta ke maƙalewa a hanta. Ba tsutsar da ke kawo cutar ce ke yin mafi yawan ɓarnar ba, ƙwan ne, jiki ke kewaye kowane ƙwai da ƙwayoyin garkuwa sannan ya yi masa katangar kolajin, saƙon IL-13 na ingiza abin, shekara da shekaru ƙwai dubbai, har hanyar jini ta cikin hanta ta ƙuntace, ciki ya kumbura, wani ya kai ga aman jini. Wato gini ne ya yi yawa. Bisa lissafin M1 da M2, kowa ya zaci acici mai ginin nan shi ne mai laifi. Sai a 2009 aka cire wa makrofaj na ɓera wannan hanya ta biyu ta sarrafa arjinin, wadda ake ɗauka tambarin M2 ce, aka sa musu tsargiya, maimakon tabo ya ragu sai ya ƙaru, ɓerayen suka fi saurin mutuwa. Ashe birki yake takawa, yana cinye arjinin ɗin ne ya hana wasu ƙwayoyin da ke rura wutar samu.

Wani abin da aka daɗe ana kuskure a kai shi ne asalinsu. Tun ƙarshen shekarun 1960 koyarwar ita ce duk makrofaj daga ɓargo yake zuwa. Sai a 2010 aka nuna cewa na cikin ƙwaƙwalwa, maikrogiliya, tun ana tayi suka shiga, daga wata 'yar jaka da ke jikin tayi a farkon ciki, kuma su ke haifar kansu a can har tsufa. Daga baya aka ga na hanta da na huhu ma galibi tun kafin haihuwa suka zauna. Kenan akwai 'yan gari akwai baƙi. 'Yan gari sun san unguwa, na huhu na share ƙurar da muke shaƙa lokacin hunturu, na saifa na cinye tsofaffin jajayen ƙwayoyin jini su maido da ƙarfen da ke ciki, 'yan'uwansu na ƙashi na gwaguyar ƙashi, su ne ke sassaƙe ƙullin da ke fitowa bayan ɗori har ya daidaita. Kuma wurin zama ke koya musu hali, an taɓa ɗebo na kogon ciki aka zuba a huhun ɓera, bayan ɗan lokaci suka ɗauki yawancin ɗabi'un na huhu.

Bari in ɗan ratse, masu jarfa, ko baƙin leɓen nan da matan Fulani ke yi, kun taɓa tambayar me ya sa ba ya gogewa alhali fata kullum sabuntawa take? Acici ne ya haɗiye baƙin ya kasa narkarwa ya zauna da shi. A 2018 a Marsai ta Faransa aka yi wa ɓera jarfa a wutsiya aka kashe makrofaj ɗin wurin, zanen bai gushe ba, don sababbin da suka zo sun sake haɗiye abin da na farko suka saki. Gado ake yi.

Sai babbar tambaya, me ya sa mu tabo muke yi, wasu halittun kuwa sabon abu suke fitarwa? Kowa ya ga ƙadangare ko tsaka da sabuwar wutsiya. Akwai wanda ya fi su, wata dabbar ruwa 'yar ƙasar Meziko dangin kwaɗi mai siffar ƙadangare, aksolotil, in aka yanke mata ƙafa sabuwa take fitarwa har da ƙashi da yatsu. A 2013 a jami'ar Monash ta Ostireliya James Godwin da abokansa suka kashe mata makrofaj kafin yankan. Wurin ya rufe, amma dungu ya zama, da tabo, kamar na mutum. Abin mamakin shi ne da aka bari acicin suka dawo aka sake yanke dungun, sai ƙafa ta fito cikakkiya. Jaririn ɓera ɗan kwana ɗaya in aka yanki ƙarshen zuciyarsa tana cikowa, in ya kai kwana bakwai shikenan wannan baiwar ta tafi, an gano haka a 2011 a Dalas ta jihar Tekzas, a 2014 kuma aka nuna in babu makrofaj ko ɗan kwana ɗayan ma ba ya iyawa, sababbin jijiyoyin jini ba sa tsirowa. A nan Afirka ma akwai wani ɓera mai gashi kamar ƙaya, an yi nazarinsa a Kenya a 2012, fatarsa saɓulewa take a hannun mai kama shi ya tsere, ta sake fitowa har da gashi, in an huda masa kunne hujin na cikewa har da guringuntsi, shi ma da aka cire masa acici sai abin ya tsaya.

Kar dai a ce to shikenan, yawan acici shi ne alheri. Tayi a cikin uwa, kafin wajen wata na shida, in ya samu rauni a fata yana warkewa ba tabo, kuma a lokacin kumburin da yake yi ɗan kaɗan ne. A 2003 ma an samu jariran ɓeraye da aka hana su makrofaj da nutrofil gaba ɗaya, rauninsu ƙanana suka warke ba tare da tabon kirki ba. To ka ga, ga inda rashinsa ya hana tsiro, ga inda rashinsa ya hana tabo. Ni abin da na fahimta, mu manya da muke rayuwa cikin ƙasa da ƙuda da tsatsa, jikinmu ciniki ya yi, ya zaɓi a rufe da sauri ko da faci ne, don wanda ya tsaya jiran ɗinki mai kyau ƙwayar cuta za ta riga shi.

Mu koma kan gyambo. A mai ciwon suga abubuwa ne suka taru. Jijiyoyin ji na ƙafa sun mutu, ƙusa ko tsakuwa a takalmi ta huda shi bai sani ba. Jini ba ya isa sosai. Nutrofil ɗinsa sun fi saurin fashewa su watsa abin cikinsu kamar raga, wanda ke ƙara lalata wurin. Sannan acicinsa ya rage iya haɗiyar gawa, ga gawa ta taru, tutar a ɗage ba mai ɗauka, saboda haka juyin nan ba ya zuwa, IL-1 na ta ambaliya, almakashin da ya kamata ya jira ƙarshe yana ta datse duk abin da magina suka saƙa, har saƙonnin ginin ma yana yayyanka su. Bincike a ɓeraye ya nuna matsalar tun daga ɓargo take farawa, sugan na barin alama a jikin iyayen ƙwayoyin, su fito da zafin kai tun kafin su iso miki. Ƙiyasin da ake yawan kawowa shi ne cikin masu ciwon suga kashi 19 zuwa 34 cikin ɗari za su gamu da gyambon ƙafa a rayuwarsu. Kuma mu nan sai a ce sammu ne ko an taka wani abu, a yi ta shafe-shafe, sai ƙafa ta yi baƙi a nufi asibiti.

Ƙarfen jini ma na maƙalar da shi. A gyambon da ke fitowa saboda jini na taruwa a ƙafa, jajayen ƙwayoyi na tsiyayowa cikin nama, acici ya yi ta ci har ƙarfe ya cika masa ciki, an nuna a 2011 cewa irin wannan ba ya sauka daga fushi. Masu sikila, da jininsu ke yawan fashewa ga kuma toshewar ƙananan jijiyoyi, su ma an san su da gyambon idon sawu mai naci.

Can ɗaya gefen kuma ga tabon da ya ƙi tsayawa, kiloyid, wanda ke tasowa ya yi tudu ya wuce iyakar raunin, bayan hujin kunne ko askin gemu ko tsagar wanzami, ya fi yawa a baƙar fata kuma yana bin dangi. Nan magina ne aka kira ba a sallame su ba. Shi ya sa yanke shi kawai ba ya isa, sau da yawa dawowa yake ya fi na da, sai an haɗa da allurar sitiroyid a cikinsa don a kwantar da aikin. Kuma wannan sitiroyid ɗin da ke magani a nan shi ne ke ɓarna a wani wurin, da yawan mayukan bilicin akwai shi a ciki, haka ƙwayoyin da wasu ke sha don ƙiba, yana danne kumburin farko, yana hana magina saƙa, fata ta yi siriri, ranar da aka zo tiyatar haihuwa ɗinki ya yi ta wahalar kamawa. Ku tuna gwajin 1975 ɗin can, cikin abin da aka yi amfani da shi wajen rage wa ɓeran masar acici har da irin wannan maganin.

Ba acici kaɗai ke wannan rawar ba, kar in yi masa son kai. Akwai wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin T masu sulhu, waɗanda binciken gano su ya jawo wa Shimon Sakaguchi da Mary Brunkow da Fred Ramsdell kyautar Nobel ta 2025, an san su da hana garkuwa cin gida, amma an gano suna taruwa a tsokar da ta ji rauni suna fitar da abin da ke taimakon gyara, suna kuma taya acici saukowa.

To an samu magani daga duk wannan? Kaɗan-kaɗan. A Taiwan an haɗa wani man shafawa daga ganyen tsirrai biyu, ON101, da nufin karkato makrofaj daga faɗa zuwa gini, a gwajin mutum 236 masu gyambon suga da aka wallafa a 2021, wajen kashi 61 cikin ɗari na waɗanda aka shafa wa sun warke cikin mako 16, waɗanda aka yi wa ɗaurin da aka saba kuwa wajen 35. A Edinburgh sun gwada ɗibar monosait daga jinin mai ƙandararriyar hanta su raine su a ɗakin gwaji su mayar masa, a 2019 suka ba da rahoton mutum tara na farko, babu wata mummunar illa. Hanya ce mai tsawo, don abin da ya yi aiki a ɓera sau tari a mutum sai ya ba da kunya, fatar bayan ɓera ma tsukewa take ta rufe, tamu kuwa cikowa take daga ƙasa. Kuma matsalar lokaci na nan, maganin da ya dace da kwana na biyar yana iya zama ɓarna a kwana na ɗaya. Ko ƙanƙarar da 'yan ƙwallo ke ɗorawa a targaɗe, likitan Amurkan da ya yaɗa tsarin a 1978, Gabe Mirkin, shi da kansa ya dawo a 2014 ya ce tana rage zogi amma yawanta na iya jinkirta warkewa, don tana tare hanyar masu zuwa gyara.

Abin da ya fi aiki har yau a ɗakin wankin ciwo tsoho ne. Majinyata na jin haushi in nas ta sa almakashi da reza tana kankare gyambo har sai ya yi jini, wani ya ce ana mayar masa da ciwo sabo. Ai kuwa abin da ake nema kenan. Ana kwashe mataccen naman da acici ya kasa cinyewa, da yauƙin da bakteriya ke fakewa a ƙarƙashinsa, a mayar da tsohon miki ya zama kamar na yau, jini ya kawo sababbin ƙwayoyi a sake lale daga farko. Sannan a rufe shi da ɗan danshi kar ya bushe ƙayau, a daina antaya masa sifirit da ruwan wankin ciwo mai kumfa kullum don suna kashe maginan tare da ƙwayar cutar, a sauke suga, kuma a ɗauke nauyi daga kan ƙafar, wanda shi ne ya fi wuya ga mai fita nema kullum, don duk takun da ya yi a kan mikin sabon rauni ne, sababbin nutrofil su sake shigowa, acici ya koma ranar farko.